Karatu Domin Me? Waiwaye a Kan Rayuwar Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo

(Wannan shi ne matanin laccar da ɗaya daga cikin dattawan malamanmu ya gabatar a wajen taron ɗalibai na lokacin dogon hutu. Mun kawo ta kamar yadda aka naɗa, in ban da 'yan gyare-gyare kaɗan.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya ɗora masa amana, Ya kuma sanya masa ranar da zai tsaya ya yi bayanin yadda ya riƙe ta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, a cikin takardar gayyatar da aka aiko mini an nemi in yi magana a kan muhimmancin ilimi. Sai na ce wa ɗan aiken, ai wannan babu mai jayayya da shi a cikin waɗanda za su hallara, domin duk wanda ya bar barcinsa na hutu ya zo ya zauna a kan tabarma tun da hantsi, ya riga ya yarda da cewa ilimi yana da muhimmanci. Tambayar da take cin zukatan matasanmu a yau wata ce daban, ni kuwa a cikin A Daidaita Sahu na ji ta.

Watannin baya na tari ɗaya zan je duba mara lafiya. Muna cikin tafiya sai direban ya waiwayo ya gaishe ni da ladabi, ya ce ya yi karatu a hannuna a makarantar dare yana ɗan yaro. Na tambaye shi bayan rabuwa. Ya ce ya gama jami'a, ya karanta kimiyyar haɗa sinadarai, ya yi wa ƙasa hidima, kuma shekara huɗu ke nan yana yawo da kwali a hannu. Da muka iso na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, sa'an nan ya ce: "Baba Malam, don Allah kada ka ga rashin kunyata. Karatun nan da kuka ce mu yi, mun yi. To, domin me?" Wallahi na fi shekara arba'in ina riƙe da alli, amma ran nan na sauka ban ba shi amsa ba. Addu'a kawai na yi masa. Laccar nan ta yau ita ce amsar da ya kamata in ba shi.

Zan fara da ɗora laifin inda ya dace, watau a kanmu mu iyaye da malamai. Yaron nan bai ƙagi tambayarsa daga iska ba. Mu ne muka ƙulla ciniki da shi tun yana aji ɗaya, muka ce masa: yi karatu ka zama babban mutum, ka hau mota, ka gina bene, ka kai mahaifiyarka Makka. Shi kuwa ya cika nasa ɓangaren alkawarin, ya juyo yana neman cikon namu, ya tarar babu kowa a wurin. Idan irinsa suka wayi gari suna faɗa a majalisa cewa wai karatu damfara ne, kada mu yi saurin zaginsu, mu fara tuna abin da muka sayar musu.

Wannan ciniki kuwa ya daɗe. Tun ran da ilimin boko ya shigo ƙasar nan ya shigo ne ɗaure da aikin albashi. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da aka yi bikin buɗewa a 1922, an kafa su ne domin samar da malaman makaranta da ma'aikatan da za su riƙa wa En'e da gwamnatin Turawa aiki. Ni da ke gabanku na fara koyarwa ne a zamanin shirin ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976, lokacin da aka buɗe kwalejojin horon malamai ko'ina saboda yawan yaran da aka kwararo makarantu. A shekarun nan wanda ya gama jami'a aiki ne yake jiransa, ga gida, ga bashin mota. Da idonmu muka gani, shi ya sa muka ɗauka haka duniya za ta dawwama. Sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar Naira ta zube, albashi ya koma ba ya kai mutum tsakiyar wata. Daga nan aka shiga yajin aiki bayan yajin aiki, har ya zuwa na malaman jami'o'i na 2022 wanda ya zaunar da ɗalibai a gida wata 8 cur. Duniya ta sauya, mu kuwa ba mu sauya hudubar da muke yi wa yara ba.

Kada kuma wani almajirin zaure ko ɗalibin Islamiyya ya gyara zama ya ce wannan cuta ta 'yan boko ce. Ta shigo mana har cikin karatun addini. Sau nawa muke ganin yaro ya haddace 'yan babobi, burinsa duka a miƙa masa lasifika, a ɗauki hotonsa a sa a Facebook, a ƙirga masa mabiya? Alhali kuwa Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa cikin mutane ukun da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama akwai wanda ya nemi ilimi ya karantar, amma nufinsa shi ne a kira shi malami. An kuwa kira shi a duniya, ladansa ke nan ya ƙare. Mai neman kwali domin mota da mai neman rawani domin suna, kasuwa ɗaya suke ci, rumfuna ne kawai suka bambanta.

Kafin in kai ku ga tarihi, bari in tona wa kaina asiri, domin ba daidai ba ne mutum ya yi wa jama'a wa'azi da laifin wasu ya ɓoye nasa. Ina koyarwa a wata kwalejin horon malamai, aka ba ni duba ɗalibai a gwajin koyarwa. Cikinsu akwai wani yaro mai ladabi ƙwarai, mai tsare salla, amma ko wasiƙa ba ya iya rubutawa daidai, lissafi kuwa sai dai a yi shiru. Na ba shi makin da ya cancanta, watau ya faɗi. Ran nan bayan sallar isha'i sai ga kawunsa, dattijo mai furfura, ya yi sallama. Bai kawo mini ko sisi ba, da ya kawo kuɗi ma da na kore shi ina jin kaina gwarzo. Roƙo ya kawo. Ya ce yaron maraya ne, ƙannensa shida, idan ya sami takardar nan shi zai riƙe gidan. Ya haɗa ni da Allah da Annabi. Na kwana ina juyi, da safe na ɗauki alƙalami na ƙara makin. A zuciyata kuwa na sanya wa abin suna tausayi.

Bayan shekara 18 na je ɗaurin aure wani ƙauye. Da yake tsohon malami ba ya wuce makaranta bai leƙa ba, sai na shiga firamaren garin. Na tarar da mutumina a gaban 'yan aji huɗu, ya yi ƙiba, ya yi gemu, ya tarbe ni da murna har da durƙusawa. Na ɗaga kai na dubi allo, sai na ga an rubuta 7 sau 8 an ba da 54, yara kusan saba'in suna maimaitawa da ƙarfi. Na ce ko tuntuɓen alli ne. Na karɓi littattafan yara uku na buɗe, na tarar abin ya fi haka muni. Na fito na zauna a gindin wata bishiyar darbejiya na yi nawa lissafin: aji guda kowace shekara, har shekara 18. Na tausaya wa marayu bakwai, na zalunci yara fiye da dubu, waɗanda su ma cikinsu akwai marayu, kuma babu kawun da ya zo ya yi mini roƙo a madadinsu. A 2017, da gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, mutane suka yi ta muhawara a kan ko an yi adalci ko ba a yi ba. Ni ban iya sa baki ba. Abin da nake tunani shi ne, kowane malamin da ya tsaya gaban yara bai iya ba, akwai hannun da ya sa masa hannu a takarda, kuma na san ɗaya daga cikin irin waɗannan hannuwa.

To, 'yan'uwa, idan karatu ba domin kwali ba ne, domin me ne? Na fi son in amsa da rayuwar mutum guda wanda ƙasarmu ta haifa, maimakon in jero muku ƙa'idoji. Mutumin kuwa shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda muka fi sani da Abdullahin Gwandu, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi wajen 1766, watau Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya karanta Alƙur'ani a wajen mahaifinsu, yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi a hannun wansa. Daga nan ya yi ta bin malamai, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umar. Abin lura a nan shi ne, da ya girma ya shahara sai ya zauna ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, domin kawai ya lissafta malaman da ya ɗauki karatu a wajensu da littafin da ya karanta a gaban kowannensu. Wannan ita ce takardar shaidarsa: wane ne ya karantar da ni, me ya karantar da ni. Ku gwada tambayar ɗalibin yau sunan wanda ya koya masa haɗa baƙi, ku ji.

Yana tare da Shehu a yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi. Tarihi ya kawo abin da ya faru a Magami wajen 1788, ran da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a lokacin babbar salla ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiyar da aka ba shi, ya nemi a musanya masa da buƙatu biyar, cikinsu akwai a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. A irin wannan makaranta Abdullahi ya tashi. Ya ga da idonsa cewa malami yana iya buɗe baki gaban sarki ne gwargwadon abin da ya iya kau da kai daga gare shi.

Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, shi ne ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto, aka yi nasara. Bayan nan aka sha wuya. A Tsuntsuwa aka rasa mutane masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A 1805 aka sake shan kashi a Alwasa. Ku lura da wannan da kyau, domin shi ne mabuɗin abin da zai biyo baya: waɗanda suka yi shekaru suna zaune gaban Shehu a Degel, suka san dalilin da ya sa aka fito, su ne suka fi faɗuwa a fagen fama, saboda su ne a sahun gaba. Da garuruwa suka fara faɗowa hannu, ganima ta fara shigowa, sai sahu ya cika da waɗanda ba su sha wannan tarbiyya ba.

Wajen 1807, runduna tana kan hanyar zuwa Alƙalawa, sai Malam Abdullahi ya yi abin da ba wanda ya zata. Wazirin Shehu, jagoran Tabkin Kwatto, mutumin da ake ganin in an ci ƙasa rabonsa ba ƙarami ba ne, ya sulale ya bar runduna ya fuskanci gabas, da niyyar ya tafi ƙasa mai tsarki. Shi da kansa ya ba da labarin a cikin Tazyinul Waraƙati. Ya nuna cewa abokansa na gaskiya sun tafi, an bar shi cikin mutanen da himmarsu ta koma ga neman mulki da muƙami, da tara tufafi da dawaki, da cin hanci, an bar masallatai da makarantu. Ya shiga daji da mutum biyar, suka kwana uku ba su ga ɗan Adam ba sai sawun giwaye, har Allah Ya fito da su inda mutane suke, suka isa Kano.

Ina roƙonku ku dakata a nan ku yi tunani. Mutumin nan talauci bai kore shi ba, kuma ba a ci su da yaƙi ba. Nasara ce ta tsorata shi. Ya ga abin da aka zubar da jini dominsa yana neman ya rikiɗe ya zama abin da aka fito yaƙa. Mu a yau idan namu ya sami kujera, walima muke yi, ba wanda ke tambayar abin da kujerar za ta ci daga addininsa da mutuncinsa. Shi kuwa iliminsa ya ba shi ma'aunin da yake auna riba da hasara da shi, wanda ya saɓa wa na kasuwa. Wannan shi ne abu na farko da karatu yake yi wa mai shi idan ya shiga jiki: ya san abin da ba zai karɓa ba ko da an kawo masa har gida.

Da labarin ya tsaya a nan, da sai mu ce darasin shi ne mutumin kirki ya tattara nasa ya nasa ya gudu ya bar lalatattu da lalacewarsu. Da yawa daga cikin masu ilimi a yau wannan suka zaɓa. Wani ya haye jirgi ya bar ƙasar, wani yana nan amma ya rufe ƙofarsa, ya ce shi dai ya tsira da iyalinsa. Ba na zargin kowa, kowa ya san inda takalminsa yake matsa masa. Sai dai Malam Abdullahi bai wuce Kano ba. Mutanen Kano suka tare shi suka ce ba inda za shi, su ma suna da buƙatar wanda zai nuna musu yadda ake tsai da shari'a da gudanar da mulki. Ya duba ya ga irin abin da ya gudo dominsa yana nan a Kano ma. Maimakon ya ƙara gaba, sai ya zauna, ya wallafa musu Diya'ul Hukkami a kan hukunce-hukuncen shugabanci da alƙalanci, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani. Bayan nan ya juya ya koma wajen Shehu, ya ci gaba da zama cikin mutanen nan da suka ɓata masa rai, yana faɗa musu gaskiya da baki da alƙalami. Bai sami zuwa Makka ba har ya bar duniya.

Ni a ganina wannan komawa ta fi tafiyar wuya, ta kuma fi ta daraja. Fushi domin Allah kowa yana iya yinsa na kwana uku. Amma mutum ya dawo ya zauna da jama'ar da ba ta kai yadda yake so ba, ya ci gaba da shimfiɗa buzu kowace safiya, wannan sai wanda ya gane cewa ilimin da ke ƙirjinsa ajiya ce aka ba shi, masu ita kuwa su ne waɗannan mutane, da kirkinsu da rashin kirkinsu.

Akwai jarrabawa ta biyu da ta same shi. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba shi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a, alhali ga baffansa wanda ya girme shi, ya kuma karantar da shi. Masu tarihi ba su ɓoye cewa an sami 'yar tsamin dangantaka ba na wani lokaci, domin su ma mutane ne. Amma Malam Abdullahi bai tara runduna ya ce sai ya karɓi haƙƙinsa ba, ko da yake yana da mabiya da zai iya tarawa. Ya koma Gwandu ya ci gaba da karantarwa. Da tawayen Kalambaina ya taso, Bello ya zo ya taimake shi, a nan ne baffa ya gai da ɗan wansa da gaisuwar Sarkin Musulmi, magana ta ƙare. Ku gwada wannan da yadda ƙungiya takan tsage biyu a zamaninmu saboda kujerar sakatare.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya a rayuwarsa kuwa wani abu ne da ba a cika ambata ba. Ya wallafa babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'awili, wanda malamai suke ji da shi har gobe. Ya yi Bahrul Muhiɗi a nahawu, ya yi Hisnur Rasini a sarfu. Mai irin wannan matsayi, da a yau ne, sai dai a gan shi a manyan taruka. Shi kuwa da ya lura tafsirin nan ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya sake zama ya rubuta wani mai sauƙi, Kifayatu Du'afa'is Sudan, wanda sunansa ma ya nuna domin masu rauni a karatu aka yi shi. Babban malami ya sunkuyo domin na baya su hau. Ya rasu a Gwandu a shekarar 1245 ta Hijira, watau 1829. Dawakin da aka yi ta rububi a kansu a zamaninsa, ko ƙasusuwansu babu wanda ya san inda suke, littattafansa kuwa ana buɗe su a zaure har yau. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sunansa yake ɗauke da shi, ina kuwa fatan masu shiga cikinsa su riƙa tambayar ko wane ne mai sunan.

Ga 'yan'uwa mata da ke bayan labule, kada ku ce an manta da ku. 'Yar wansa, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, wannan hanya ta bi. Tana iya rubutu da Larabci wanda manyan malamai za su yaba, amma ta yi ta tsara karatu cikin Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauka su koma su koya wa mata 'yan'uwansu. Tsarin nan na 'Yan Taru ya rayu bayanta da shekaru masu yawa, ba tare da albashi ko takardar shaida ba.

Na san abin da ke zuciyar wasunku, domin na gan shi a fuskokinku. Kuna cewa: Malam, duk mun ji, amma tarihi ba ya cika tukunya. Gaskiya ne, kuma ba zan tsaya a nan in yaudare ku da cewa yunwa ado ce ba. Neman halali wajibi ne, mai iyali kuwa ba shi da uzurin zama. Haƙƙi ne a kan shugabanni su samar da yanayin da mai ilimi zai ci abinci da iliminsa, kuma za a tambaye su. Abin da nake ƙi shi ne a ɗaure darajar mutum da darajar karatunsa a ƙafar kujerar ofis, har ya zama in babu kujerar, mutum ya ɗauka shi ba kowa ba ne. Imamu Abu Hanifa fatauci yake yi na tufafi a Kufa, bai rage masa komai ba. Malaman zaurenmu na da, wani maɗinki ne, wani manomi, wani mai rini, da rana suna sana'a, da asuba da dare suna karantarwa. Raina sana'ar hannu baƙon abu ne da ya shigo mana tare da kwat da lakataye. Ku tuna kuma cewa Alƙur'ani ya ba mu labarin Ƙaruna a cikin Suratul Ƙasasi, wanda ya jingina dukiyarsa ga wani ilimi da yake ganin yana da shi. Ilimin da ba ya haifar da komai sai taskar mai shi, mun ga inda ya kai wancan.

Shi wancan malami da na ƙara wa maki, ban kai ƙararsa ko'ina ba, domin ni ne ya kamata a fara kai wa ƙara. Na kira shi gefe na gaya masa abin da na yi shekara 18 da suka wuce, na nemi ya yafe mini, domin shi ma na cuce shi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya daɗe da sanin bai iya ba, kunya ce ta hana shi tambaya. Muka yi alkawari, duk ranar Asabar yakan hau mota ya zo gidana da littafin lissafi na firamare, mu zauna a zaure kamar ɗan aji uku. Mun fi shekara muna haka. Ya gyaru gwargwado. Amma yaran da suka riga suka wuce ta hannunsa sun wuce, ban san inda suke ba, ban kuma san abin da zan ce ba ran da za a tara mu. Ina roƙonku ku sa ni a addu'a a kan wannan.

Direban nan kuwa na sa an nemo mini shi. Na ce masa ba ni da aikin da zan ba shi, ban kuma san wanda zai ba shi ba. Amma a unguwarsu akwai 'yan ajin ƙarshe na sakandare da za su zauna jarrabawa ba su taɓa samun wanda ya tsaya ya fahimtar da su darasin sinadarai ba, iyayensu kuma ba su da kuɗin malamin gida. Na ce ya ajiye babur ɗinsa awa ɗaya bayan la'asar, ranar Alhamis da Juma'a, ni zan nemo masa allo da wurin zama. Ya sunkuyar da kai ya ce awa ɗaya a wajensa kuɗin cefane ce. Na ce na sani. Bai ce mini e ba, bai ce a'a ba, ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa. Har yanzu ina jiransa.

Ku kuma da ke zaune a nan, hutunku ya rage mako biyar. Na bar takarda a hannun sakataren taro. Duk wanda ya san yara uku ko huɗu a layinsu da suka kai aji biyar ba su iya karanta sunansu ba, ko suka kai shekara goma ba su gyara Fatiha ba, ya rubuta sunansa da unguwarsu kafin ya fita, za mu haɗa shi da wanda zai nuna masa yadda ake farawa. Alli da allo suna wuyana.

Na ga ladan yana duba agogo. Masu tambaya su rubuto a takarda, za mu amsa bayan salla in Allah Ya yarda. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, Allah Ya gafarta mini da ku baki ɗaya.